Tsohon Kuɗin Zinariya da Kasuwar Jega

Garin Jega, wanda ke cikin Jihar Kebbi, Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ne ya kafa shi wajen shekarar 1820, ƙarƙashin mulkin Gwandu. Ba a daɗe ba kasuwarsa ta bunƙasa, har ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato. Dalili kuwa shi ne garin yana bisa hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Mutanen Aliero da na Maiyama da sauran garuruwan kewaye duk nan su ke kai amfanin gonarsu, su sayo gishiri da kanwa da tufafi.

A wancan zamani wuri ne kuɗin ciniki. Amma wuri yana da aibi guda, watau nauyi. Keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, kaya guda ke nan. Sa'ad da Bature Barth ya iso Kano cikin 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a bakin liyari ɗaya na azurfa. Saboda haka falke mai doguwar tafiya ya fi son dukiyar da za ta shiga cikin jaka ƙarama, watau azurfa da zinariya.

Sarakunan ƙasar Hausa ba su buga kuɗin zinariya ba. Zinariyar da fatake ke samowa a Salaga daga ƙasar Asante gari ce, aunawa a ke yi da miskali. Asalin miskali kuwa nauyin dinari ne, wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa giram 4.25. Da wannan dinari ne malamai ke lissafin shari'a har yau: nisabin zakka dinari 20, diyyar rai dinari 1,000, mafi ƙarancin sadaki kuwa rubu'in dinari a mazhabar Malikiyya. Duk da haka an taɓa zuba kuɗin zinariya a Afirka ta Yamma. Al-Bakri ya rubuta cikin 1068 cewa mutanen Tadmakka, a ƙasar Mali ta yau, suna ciniki da dinari marar rubutu. Cikin 2005 masu tonon kayan tarihi suka gano mazuban yumɓu a kufan garin, da ɓurɓushin zinariya a jikinsu.

Bayan da Turawa suka ci ƙasar cikin 1903, wuri ya yi ta ja da baya. Aka kawo kwabo da anini masu huda a tsaka, cikin 1913 kuma aka fito da sule da sisi na Afirka ta Yamma. Naira kuwa ta zo cikin 1973. Kuɗin zinariyar da aka fi sani a gidajen Hausawa shi ne fam na Ingila, wanda aka fara bugawa cikin 1817, jama'a na kiransa sisin gwal. Alhazai su kan sayo irinsa a Makka, a ba da shi sadaki, mata kuma su adana shi don ranar wuya.

To, yaya a ke sanin darajar irin wannan kuɗi? Abu uku a ke dubawa. Na farko nauyi: fam na gaskiya giram 7.98 ne, wanda ya gaza haka ƙwarai abin tuhuma ne. Na biyu tsarkin zinariyar: a fam, kashi 22 cikin 24 zinariya ce, saura jan ƙarfe. Maƙerin fari ya kan goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ga ko zanen zai ɓace. Na uku shi ne ƙarancin irinsa a duniya, wannan kuwa sai masani. Cikin 2011 an yi gwanjon wani dinari na shekara ta 105 bayan Hijira a birnin Landan, aka saye shi fam miliyan 3.72, alhali nauyinsa bai wuce na sauran dinarai ba. Rubutun da ke jikinsa, mai ambaton ma'adinin Sarkin Musulmi a Hijaz, shi ya ɗaga shi.

Amma kada shekarar da ke jikin kuɗi ta ruɗi kowa. Liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya duk 1780 ke jikinsa, shekarar da ta rasu, ko da kuwa an buga shi bayan shekara ɗari da hamsin. Haka kuma fam, an buga shi miliyoyi, yawancinsa bai fi kuɗin zinariyar da ke cikinsa da yawa ba.

Saboda haka wanda ya gaji tsohon kuɗi ya yi hattara. Kada ya huda shi, kada ya goge shi da toka ko yashi, kada kuma ya yi gaggawar kai shi maƙera a narke, gama abin da wuta ta ci ba ya dawowa. Ya fara aunawa gaban shaidu, musamman in gadon marayu ne, ya nuna wa mai karanta rubutun, sa'an nan ya ji farashi daga bakin mutum fiye da ɗaya. Ya sani kuma dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi.