Daga Mr. T zuwa Ɗan Anace: wa ke tafiya gida da suna idan baƙo ya shigo fili?

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Abin da ya jawo maganar yau wata gardama ce da muka yi a majalisarmu ta matasa a Talata Mafara. Muna shawarar yadda za a farfaɗo da dambe bayan kaka, sai wani abokinmu ya ce ai abu ne mai sauƙi, a nemo wani ɗan TikTok mai mabiya da yawa, ko wani ɗan fim, a ɗaura masa zare a hannu ya shiga fili ko na minti biyu ne, duniya ta gani. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce wallahi dabara ce. Ni dai na yi shiru, domin na san inda aka faro wannan dabarar, na kuma san ta yi wa wasu rana, ta kuma kai wasu ƙasa.

Mu da muka taso a shekarun 2000 mun san resilin ne ta faifan CD da gidan kallo. Ina da kamar shekara goma na ga wani attajiri Bature mai jan gashi yana aske wa mai kamfanin resilin kai tas a gaban jama'a. Sai da na girma na gane cewa Donald Trump ne. An yi wannan ne a WrestleMania ta 23 a birnin Detroit, ranar 1 ga Afrilu 2007. Trump bai yi kokawa ba. Ya zaɓi Bobby Lashley ya tsaya masa, Vince McMahon ya zaɓi Umaga, wanda gwaninsa ya faɗi a aske masa kai. Kusan gida miliyan 1.2 suka biya kuɗi don su kalla, adadin da kamfanin bai taɓa samu ba kafin nan. Mu a gidan kallo mun ɗauka faɗan gaske ne tsakanin masu kuɗi biyu. Ashe aminai ne, har matar McMahon ɗin, Linda, ta zama ministar ilimi a gwamnatin Trump a 2025.

Amma mu koma baya kaɗan.

A ranar 26 ga Yuni 1976, a Tokyo, aka haɗa Muhammad Ali da ɗan kokawar Japan Antonio Inoki. An tallata abin kamar za a tashi duniya. Da aka shiga, Inoki ya kwanta rigingine yana ta harbin ƙafafun Ali har turmi 15, Ali bai kai naushi ya wuce shida ba, aka tashi canjaras. 'Yan kallo suka fusata, Ali kuma ya ƙare a asibiti da ƙafafu a kumbure. Wasa bai yi daɗi ba, amma masu shirya wasanni sun ga abu ɗaya: sunan Ali kaɗai ya sa mutanen da ba ruwansu da kokawa sun biya kuɗi.

Wanda ya mayar da wannan darasi sana'a shi ne Vince McMahon, bayan ya sayi kamfanin daga hannun mahaifinsa a 1982. A lokacin resilin a Amurka yanki-yanki take, kowane mai gida da iyakarsa, kamar yadda gidajen dambe suke a wurinmu. Shi kuma yana son ƙasar baki ɗaya. Sai Allah ya kawo masa mawaƙiya Cyndi Lauper, wadda ta sa wani tsohon ɗan resilin, Lou Albano, ya fito a matsayin babanta a bidiyon waƙarta a 1983. Aka ƙirƙiri rigima tsakaninsu, aka kai ta tashar MTV ta matasa a 1984. Yaran da suka zo kallon waƙa suka tsinci kansu suna kallon kokawa. Ranar 31 ga Maris 1985 aka yi WrestleMania ta farko a Madison Square Garden da ke New York. Ɗan fim Mr. T ya haɗa kai da Hulk Hogan suka kara da Roddy Piper da Paul Orndorff, Muhammad Ali na cikin alƙalan wasa. Tun daga ranar ba a daina ba.

Ku lura da abin da McMahon yake saye a nan. Ƙarfin Mr. T bai dame shi ba, domin a resilin an riga an tsara wanda zai ci tun kafin a fito. Jama'ar Mr. T yake so. Baƙo zai zo da mutanensa, ya yi dare ɗaya ya tafi, aikin mai gida shi ne ya tabbatar wasu daga cikin mutanen sun tsaya.

Akwai misali biyu da nake so ku riƙe, domin a kansu duk hujjata ta tsaya.

Na farko Mike Tyson, 1998. An dakatar da shi daga damben boksin bayan ya ciji kunnen Evander Holyfield a 1997, yana neman kuɗi, sunansa kuma na bakin kowa. A lokacin kamfanin McMahon na shan kashi a hannun abokin hamayyarsa WCW, har mako 83 a jere WCW na gaba wajen yawan masu kallo. Aka kawo Tyson, amma ba a ba shi kambu ba, ba a ma sa shi ya yi wasa ba. Aka ajiye shi a gefen fili a karawar Steve Austin da Shawn Michaels. Shi ya ƙirga uku Austin ya ci, ya ɗaga hannunsa sama. Jaridun da suka biyo Tyson suka koma gida da hoton Austin. Makonni kaɗan bayan haka kamfanin McMahon ya sha gaban WCW.

Na biyu David Arquette, 2000. WCW tana son tallata wani fim da ya fito a ciki, sai suka ɗauki babban kambunsu na duniya, wanda mutane irin su Ric Flair suka karya jiki a kansa, suka ba ɗan fim. Ya riƙe kwana 12. Don adalci, shi kansa bai so ba, kuma kuɗin da ya samu ya ba iyalan wasu 'yan resilin da suka mutu ko suka nakasa. Amma ɓarna ta riga ta auku. Masoya na asali suka ji an raina musu hankali. Ba shi kaɗai ya kashe WCW ba, tana da cututtuka da yawa, amma a Maris 2001 McMahon ya saye ta.

To, mu dawo gida. Mu ma muna da namu tsarin na aron suna, kuma ya girmi MTV nesa ba kusa ba.

Dambe asalinsa wasan mahauta ne. Bayan an yi girbi, rundawa su bi gari-gari, a yanka dabba a sayar da nama, da yamma a buɗe fili. Babu fosta, babu rediyo. Wa ke tallata wasan? Mai kalangu. Shi zai kira ɗan dambe da takensa, ya ambaci ubangidansa da garinsa da waɗanda ya kashe, wato waɗanda ya kai ƙasa, har jikin mutum ya fara rawa ya yi tsalle ya faɗo fili yana kirari. Makaɗi shi ne gidan jarida, shi ne mai talla, shi ne kuma ma'ajiyar tarihi.

Babu wanda ya kai Muhammadu Bawa Ɗan Anace a wannan fage. Ku tambayi kowane Bahaushe, daga nan har Kumasi, ya ambaci ɗan dambe ɗaya na da. Zai ce Shago. Watakila ya ƙara da Ɗandunawa. Ku sake tambayarsa ko ya taɓa ganin damben Shago da idonsa. Bai gani ba. Waƙar ya ji, a rediyo ko a kaset ɗin babansa ko yanzu a waya. Shago ya yi aikinsa da hannu, amma bakin Ɗan Anace ne ya ƙetarar da shi zuwa ga jikokin da ba su san fuskarsa ba.

Kuma abin da ya fi burge ni shi ne, Ɗan Anace bai taɓa buƙatar ɗaura zare ba. Yana gefen fili, daidai inda aka ajiye Tyson. Duk shahararsa a kan ɗan dambe take zuba. Idan ya ɗaukaka, Shago ya ɗaukaka. Mu 'yan wannan yanki bai kamata a koya mana wannan ba. Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, da Maradun aka san shi, kuma sarakuna nawa ne yau ba a tuna su sai don ya ambace su? Mun san abin da murya ke yi wa suna.

Akwai kuma aron suna na manya. Bikin kamun kifi na Argungu, inda ake dambe da kokawa, ya samo girmansa ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Babban baƙo ya zo sau ɗaya, biki ya zauna. A Nijar kuwa wata hanya suka bi. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maradi ya ci, hukuma ta ɗauki kokowa da muhimmanci, ana zagayawa da ita jiha-jiha, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. Sakamakon haka ɗan kokowa shi ne tauraro da kansa. Issaka Issaka na Doso ba ya buƙatar ɗan fim ya tsaya kusa da shi kafin a cika fili. Ɗan fim ne ma zai so a ɗauke su hoto tare.

Yanzu zamani ya juyo kanmu. Gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei da dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano sun daɗe suna tara Kudu da Arewa da Guramaɗa. Tun wajen 2017 tashar Dambe Warriors ta fara sa wasanni a YouTube, mutanen ƙasashen da ba su taɓa jin kalmar Hausa ba suna kallo. Maxwell Kalu ya kafa African Warriors Fighting Championship, ana sa dambe a fili mai fitilu da kyamarori. Sunaye irin su Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello sun fita waje. A Legas kuma an fara damben mashahurai: mawaƙi Portable ya kara da ɗan fim Charles Okocha a Disamba 2023, ya sake karawa da Speed Darlington a Afrilu 2025. An yi ta maganarsu kwana da kwanaki. Ku gaya mini sunan ƙwararren ɗan boksin ɗaya da ya yi wasa a waɗancan darare. Ni ma sai na yi tunani.

Shi ya sa shawarar abokina ta tsaya mini a rai. Resilin wasan kwaikwayo ne mai ciwo, ana iya koya wa Bad Bunny ko Logan Paul, su yi watanni suna atisaye, abokin karawa ya kare su. Dambe ba a tsara shi. Idan ka sa ɗan TikTok a gaban ɗan dambe na gaske, ɗayan biyu ne. Ko a kai shi asibiti a turmin farko, ko a roƙi ɗan damben ya sassauta hannu. Idan ya sassauta, duk wanda ke fili ya gani, kuma daga ranar za a fara tambaya a kan kowane kisa: wannan na gaske ne ko an shirya? Abin da dambe ke sayarwa kenan, cewa na gaske ne. Ba mu da fitilun WWE, ba mu da kuɗin Riyad da ake kai Tyson Fury da Logan Paul. Gaskiyar naushin kawai muke da ita.

Kuma mu a nan, mu faɗa wa kanmu gaskiya, baƙon da ya fi shigo mana fili ba ɗan fim ba ne. Ɗan siyasa ne. Mafara da Bakura da Maradun kowanne ya fitar da gwamnan Zamfara, don haka siyasa a jininmu take, kuma duk inda matasa suka taru sai an biyo su. Na taɓa zuwa wani dambe a wani ƙauye kusa da mu gab da zaɓe. Ana tsakiyar turmi na biyu, wasa ya yi zafi, sai ga jerin motoci. Aka tsayar da wasa. Makaɗa suka bar taken 'yan dambe suka koma na mai zuwa. Ya yi jawabi, ya yi liƙi, aka ɗauki bidiyo, ya tafi, rabin jama'a suka bi motocinsa. Da aka dawo wasa magariba ta kawo jiki. Yaron da ya yi kisa a ranar ya ji ciwo a wuyan hannu, abin da aka ba shi bai wuce kuɗin mai ɗori da na mashin ba. Washegari bidiyon ya zaga WhatsApp. Na kalle shi sau uku ina neman yaron. Yana can baya, an ga kafaɗarsa.

Ga kuma halin da muke ciki. Tun da matsalar tsaro ta yi tsanani, 'yan dambenmu da yawa sun koma Kano da Abuja da Legas. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layin waya, kuma inda babu kasuwa babu mahauci, babu fili. Don haka na fahimci abokina. Yana son a waiwayo mu ko ta halin ƙaƙa.

Abin da na ce musu a zama na gaba shi ne, a gayyato duk wanda za a iya gayyatowa, ɗan fim ne, mawaƙi ne, ɗan TikTok ne, har ɗan siyasar ma. Amma kujera za a ba shi. Ba a tsayar da turmi don ya iso. Idan zai yi bidiyo, sai ya ambaci sunan 'yan wasan biyu da garuruwansu da bakinsa. Kuɗin da aka ware masa na mota da masauki kada ya fi ladan wanda ya yi kisa, kuma a ajiye kuɗin magani tun kafin a buga kalangu. A kan wannan na ladan muka fi daɗewa, domin ma'ajinmu ya ce babu wani mai suna da zai taso daga Kano a kan wannan kuɗin. Wataƙila yana da gaskiya. Mun tashi ba mu daidaita ba, an ɗage zaman zuwa Talata mai zuwa bayan an tashi kasuwa.

'Yan Bakura da Maradun da ke bibiyarmu, idan akwai dattijo a gidanku da ya ga damben Shago da idonsa, ku yi mana magana ta akwatin saƙo. Muna son mu je mu naɗi muryarsa.