Asalin Birnin Nan Mai Suna Biyu

Can a arewacin tsibirin Ayaland, a bakin kogin Foyle, akwai wani birni da har yau mazaunansa ba su daidaita a kan sunansa ba. Wasu su ce Derry, wasu su ce Londonderry. To, ga mafarin abin.

Tun kaka da kakanni sunan wurin Doire, wato kurmi a harshen 'yan ƙasa, wanda ya koma Derry a bakin Turawa. Lardin da yake ciki, Ulster, shi ne ya fi gagarar Turawan Ingila. Sarakunansa na gargajiya, Hugh O'Neill na kan gaba, sun ja daga shekara tara, daga 1594 zuwa 1603. Sifen ta kawo musu gudummawa, amma aka ci su a Kinsale a 1601. Da zama ya gagara, sai a watan Satumba na 1607 O'Neill da Rory O'Donnell suka shiga jirgin ruwa da iyalansu, suka bar ƙasar. Ba su sake ganin gida ba. A Roma O'Neill ya rasu a 1616.

Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ce tafiyar tasu cin amana ce, ya ƙwace ƙasar gundumomi shida. Daga 1609 aka shiga rabon gonaki ga baƙi daga Ingila da Sikotland, 'yan Furotesta, aka kuma gindaya wa manyansu sharaɗin kada su ba 'yan ƙasa haya. Mai gona ya wayi gari baƙo a gonar ubansa. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Gina garuruwa kuwa sai da kuɗi. Sai sarki ya matsa wa manyan ƙungiyoyin sana'a goma sha biyu na Landan, su maƙeran zinariya, masu kifi, masu gishiri, masu fatu da sauransu, suka zuba dukiya ba da son ransu ba. Tukuicinsu shi ne a 1613 aka liƙa sunan garinsu a gaban Derry, aka kewaye sabon birnin da ganuwar dutse.

Shi ya sa yawancin 'yan Katolika, jikokin masu ƙasa, ba sa faɗin Londonderry, 'yan Furotesta da yawa kuwa suka riƙe shi kam. A 1984 majalisar garin ta koma amsa sunan Derry, amma a 2007 kotu ta ce a hukumance sunan birnin Londonderry ne. Ganuwar tana nan tsaye har yau.