Tarihin Tsohon Takalmi a Ƙasar Haɗeja

A zamanin da ba kowa ke sa takalmi a ƙasar Haɗeja ba. Manoma da masunta yawancinsu ƙafa a ƙasa suke tafiya, sai fa in rairayi ya ɗauki zafi, ko kuwa za a ratsa inda ƙaya ta yi yawa. Sarakuna da malamai da attajirai su ne masu kubutai da sambatsai, talaka kuwa in ya sami fade ya gode Allah. Da damina, in gari ya yi taɓo, sai a hau dangarafai. Kowane takalmin fata sai ya bi ta hannu biyu, watau majemi wanda ya jeme fatar da bagaruwa, da baduku wanda ya ɗinka. Sana'ar kuwa ba ƙarama ba ce a ƙasar Hausa, gama Barth, Bajamushen nan da ya sauka Kano cikin 1851, ya rubuta cewa ana kai takalman Kano ƙasashe masu nisa.

To, abin da aka sha wuya aka samu ba a yar da shi da garaje. In maɗauri ya tsinke sai baduku ya sa basilla ya mayar, in ƙasan ya cinye a yi masa mahoni. In ya ƙi gyaruwa sam sai a yanke inda ke da sauran ƙwari a yi wa wani maho da shi. Abin da ya rage a zuba a juji, gara ta ci, a kwashe da taki a kai gona.

Turawa suka ci Haɗeja cikin 1906. Cikin 1930 hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Kano ta kai Nguru, aka yi tasha a Malam Madori, gyaɗa na fita, kayan kanti na shigowa. Kamfanin Bata ya shigo Nijeriya cikin 1932, har wa yau kuwa akwai wurin da ake kira Bata a Kano. Da motocin ɗaukar kaya suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai masu dabara suka ga tayar da mota ta gama da ita mutum bai gama ba. Suka riƙa yanka ta gwargwadon tafin ƙafa, su kafa mata maɗauri da ƙusa. Takalmin taya ba shi da kyaun gani, ga nauyi, amma ƙaya ba ta huda shi, ruwan fadama ba ya ruɓar da shi. Makiyaya da manoma suka rungume shi.

Kambas, watau takalmin guje-guje da ƙwallo, da 'yan makaranta ya soma, ya daɗa yaɗuwa bayan da aka buɗe makarantun firamare ga kowa cikin 1976. Amma bai zama na kowa ba sai da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabo ya gagari talaka, aka koma gwanjo. Takalmin da wani ya yi tsere da shi a Ingila ko Amurka ya gaji, shi ake ɗaurowa cikin dila, a wanke, a baje a kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a Kano, 'yan kasuwa su saro su kawo Haɗeja. Nan fa ya soma sabon rai. Saurayi ya yi ado da shi, ƙanensa ya gada ya buga ƙwallo. In bakinsa ya buɗe a kai wa mai gyara ya ɗinke shi kewaye da zare mai ƙarfi, sau da yawa ɗinkin ya fi gam ɗin kamfani daɗewa. Daga nan sai gonar shinkafa ko lambu, a take dugadugansa a mai da shi kamar silifa. Har bayan nan ma akan sami masuncin da zai ɓamɓare soson da ke tsakiyar ƙasansa, domin ba ya nitsewa, ya ɗaura a bakin taru.

Inda wuyar take shi ne ƙarshensa. Silifa da takalmin roba abu guda ne tun daga sama har ƙasa, saboda haka 'yan bola jari suna saye, a kai Kano a niƙa, a narke, a zuba sabo. Kambas kuwa haɗe-haɗe ne, ga ƙyalle, ga soso, ga roba, duk an manne da gam, raba su ya fi kuɗinsu tsada. A Amurka kamfanin Nike ya soma karɓar tsofaffi tun farkon shekarun 1990, yana niƙa su ana shimfiɗa filin tsere da garinsu, amma wannan aikin manyan injuna ne. A Haɗeja wanda ya ƙare sai juji ko kwata, ga shi kuwa gara ba ta cinsa, taki ba ya narkar da shi. Haɗeja gari ne na bakin kogi, ya kuma sha ambaliya, kamar ta 2020 da ta 2022. In samari suka fito yashe magudanan ruwa kafin damina, cikin leda da robar da suke tsamowa akan ga kambas, yawanci wari guda, cike da laka.