Lanho da Gwadabe: Daga Kumandan zuwa Magajin Gari

A duk garin da aka zauna zancen harajin gari a ƙasar nan, ba a daɗewa sai wani dattijo ya nuna hanyar da ruwa ya cinye, ya ce: «To, ina kuɗin bara?» Sau da yawa ma'aikata kan ɗauki wannan tambaya a matsayin taurin kai ko jahilci. Amma wanda ya waiwayi tarihi zai ga tambayar ta girmi mai yin ta, domin lanho da gwadabe tagwaye ne a ƙasar Nijar: rana ɗaya aka haife su, kuma da bulala aka yi musu suna.

Kafin zuwan Nasara, talakan Damagaram ko na Katsinar Maraɗi ya san kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangali, ya kuma san gayya wajen gyaran ganuwa. Abin da Faransawa suka kawo bayan sun kama Damagaram a 1899 shi ne harajin kai, wanda ake yanka wa kowane baligi bisa ƙidaya. Kalmar «lanho» da muke faɗa har yau daga sunansa na Faransanci ta fito. Da farko ana karɓar wuri da hatsi da dabbobi, daga baya aka ce sai kuɗin Faransa. Wannan ya tilasta wa manomi neman abin da zai sayar, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hanyar samun kuɗin lanho. Gyaɗa kuwa sai da hanyar mota, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Kano.

Wa zai yi hanyar? Wanda ya biya lanhon. A 1912 gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa, mai mazauni a Dakar, ta tsara dokar aikin tilas: kowane namiji mai ƙarfi zai ba da wasu kwanaki a shekara, ba lada, don share hanya da gina bariki da kafa turakun waya. A takarda kwanakin ba su kai mako biyu ba, kuma mai hali yana iya fansar kansa da kuɗi. A aikace, kumandan ne ke faɗin yawan mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, mai gari ya zaɓi gidan da ba shi da mai tsaya masa. Wanda ya ƙi, akwai dokar «andijena» da ta ba kumandan ikon ɗaure shi ko cin tararsa ba tare da alƙali ba.

Abin lura shi ne, ko a wancan zamani akwai majalisa. Wata doka ta 1919 ta kafa majalisar manyan ƙasa a gundumomi, inda sarakuna da dattawa ke zama a tattauna yawan lanho, da rabon kwanakin aiki, da hanyoyin da za a gyara. Sai dai kumandan ne shugabanta, shi ke kiran ta, kuma shawararta ba ta ɗaure shi. An tambayi manya, an rubuta cewa an tambaye su, an yi abin da aka riga aka yanke.

Talaka ya mai da martani da abin da ke hannunsa. Ranar ƙidaya a ɓoye samari a rumbu, a kora shanu daji. In abin ya yi tsanani, a ɗaure kaya cikin dare a ƙetara iyaka zuwa Daura ko Katsina ko Sakkwato. A yunwar 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasa, an ci gaba da karɓar lanho har ƙauyuka suka watse, abin da ya kai ga cire gwamna Blacher. Daga nan talaka ya riƙe darasi guda: sunanka a littafin hukuma asara ne, hanya mai kyau kuma ita ce ke kawo gardi ƙofar gidanka.

Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta soke aikin tilas, a shekarar ce kuma dokar andijena ta faɗi. Amma hanya ba ta daina neman gyara ba, don haka aka maye gurbin gumin da ƙarin kuɗi a kan lanho. A 1956 Yamai ta zaɓi magajin garinta na farko, Jibo Bakari. Bayan ƴancin kai, dokar 1964 ta raba ƙasa jihohi bakwai da gundumomi masu kasafin kuɗinsu, sai dai wanda gwamnati ta naɗa shi ke riƙe da su. Manyan hanyoyi, irin wadda ta tashi daga Yamai ta bi Dosso da Maraɗi da Damagaram har Ngigmi, ko ta Tawa zuwa Arlit, da kuɗin gwamnatin tsakiya da na ƙasashen waje aka yi su. Lokacin da kuɗin uraniyom ya shigo, Seyni Kunce ya yafe lanhon gwamnatin tsakiya a ƙarshen shekarun 1970, ya bar na gunduma, ya kuma farfaɗo da samariya don aikin gayya. An gina azuzuwa da yawa ta haka, ko da yake gayyar da soja ya kira tana tuna wa tsofaffi da wata gayyar.

Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisun ƙananan hukumomi 265. Karon farko ke nan da mutanen karkara suka zaɓi waɗanda za su zauna su amince da kasafin kuɗin garinsu. Harajin da suka gada a karkara dala ɗari da arba'in ne a kan kowane baligi, wato sefa 700, a birane kuwa jika ɗaya da rabi, kuma sunan na birni a Faransanci yana nufin harajin kula da tituna. Masu gari da masu unguwa ne ke tarawa, suna samun kasonsu. Lissafin a fili yake: garin da ke da masu biya dubu ashirin, ko kowa ya biya, miliyan goma sha huɗu zai tara. In an cire albashi da man mota da kuɗin zaman majalisa, abin da ya rage ba zai zuba jar ƙasa a hanya mai nisa ba. Mutane ba su ga aiki ba, suka ja hannu. Kuɗi ya ragu, aiki ya ƙara nisa. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisun, suka naɗa wakilai a madadinsu.

Kumandan ya wuce, an ga magajin gari, an ga naɗaɗɗe. Cikin shekara fiye da ɗari, abin da mai biya bai cika samu ba shi ne bayani: nawa aka tara, wa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan, nawa ta ci. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ranar da aka karanta kasafin gari da Hausa a dandali, aka liƙa shi a ƙofar ma'aikata, aka bar mai tallar goro ya yi tambaya, ranar ce lanho zai fara rabuwa da warin bulala.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suke da aiki. Yaron da ya iya raba miliyan goma sha huɗu a allo ya isa ya karanta wa mahaifinsa takardar kasafi. Tsofaffin da suka ji labarin aikin tilas daga bakin iyayensu kuma suna ƙarewa. Ya kamata a zauna da su, a rubuta wace hanya ce kakannin wane ƙauye suka share, tun ba a shafe sawunsu da kwalta ba. Allah ya sa mu gane.