Takardar goshin kaset: shaidar tarihi mai saurin tsufa

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka abin yake ga kayan tarihi: abin da aka raina yau, gobe sai a neme shi ruwa a jallo. Misali shi ne ƴar takardar nan da ake mannawa a goshin kaset ɗin wasannin bidiyo, mai ɗauke da sunan wasa, da zane, da shekara, da sunan kamfani.

A shekara ta 1976 ne kamfanin Fairchild na Amurka ya fito da na'urar Channel F, ta farko da ake sauya mata wasa ta hanyar cusa kaset mai ƙwaƙwalwa. Wani injiniya Baƙar fata, Jerry Lawson, shi ya jagoranci aikin. Atari ta biyo baya a 1977. Da yake hotunan wasannin wancan zamani ba su wuce ƴan murabba'ai ba, sai aka riƙa ɗaukar masu zane su ƙawata takardar goshi, har ta fi abin da ke ciki kyau nesa ba kusa ba. Wannan na cikin abubuwan da suka zubar da amanar masu saye kafin kasuwar ta durƙushe a 1983, shekarar da Atari ta binne tarin kaset a garin Alamogordo. Sai a 2014 aka tono wasu. Da Nintendo ta kai na'urarta mai kaset Amurka a 1985, sai ta buga ainihin hoton wasan a goshin kaset ɗinta na farko. Ke nan takardar na ba da labarin ciniki da amana.

To amma ba a yi ta don ta daɗe ba. Hasken rana na cinye launi, ja da rawaya su fara kwaranyewa, shuɗi ya saura. Takardar kanta na da tsami da ke sa ta ja ta yi gautsi. Danƙon da aka manna ta da shi kuwa, ko ya bushe ta ɓare, ko ya ratso ta ya bar dabbare-dabbare. Wannan ciwo ya shahara a kaset ɗin kamfanin Activision, wanda wasu ma'aikatan Atari suka kafa a 1979 domin a daina ɓoye sunan mai ƙirƙira. Ga kuma laima mai kawo fumfuna, ga maiƙon yatsu.

Masu adana kayan tarihi, irin na gidan The Strong da ke Rochester, ko ɗakin karatu na ƙasar Faransa da dokar 1992 ta ɗora wa tattara irin waɗannan kaya, hanyarsu ɗaya ce da ta masu kula da tsofaffin rubuce-rubuce: duhu, da sanyi daidai gwargwado, da laimar da ba ta hawa da sauka, da kwalin da ba shi da tsami. Ba a goge takardar da ruwa ko alkol, ba a liƙe ta da salatif, domin illarsa ta fi amfaninsa. A ɗauki hotonta tun tana da kyau. In an buga sabuwa, a rubuta cewa kwafi ce, kada a yaudari na baya.

Mu ma abin ya shafe mu. Yaran shekarun 1990 sun san kaset ɗin nan masu kwaikwayon na Nintendo, da goshinsu ke alkawarin dubban wasanni, alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Zafi da ƙura da gara sun cinye galibinsu. Malamai da ƙungiyoyin al'adu, wanda ya tarar da ɗaya a ƙasan adaka, kada ya yar: ya rubuta inda aka saye shi da shekarar, ya adana. Tarihin ƙuruciya ma tarihi ne.