Daga kakin zuma zuwa kyamara: tarihin awon baki

1/ Bara na raka Babana wajen likitan haƙori, haƙoransa na ƙasa duk sun zube. Aka cusa masa wani abu mai danƙo a baki don ɗaukar awo, tsoho yana ta yunƙurin amai. Da muka fito ya ce min, "Kai da kake boko, har yau ba a samo wata dabara ba?" Tambayar nan ce ta sa na shiga bincike. Ku biyo ni. 🧵

2/ Ashe dabarar tsohuwa ce. A 1756 Philipp Pfaff, likitan haƙorin Sarki Frederick na Prussia, ya bayyana yadda ake danna kakin zuma a baki, a zuba filasta a gurbin, siffar muƙamuƙi ta fito.

3/ Abin da aka sa wa Baba kuwa sunansa aljinet, daga ciyawar teku ake yin sa. Ya yaɗu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da agar ɗin da ake samowa daga Japan ya yi wuya.

4/ A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa ƙarfen titaniyom a ƙashin zomo don nazarin gudun jini. Da ya zo cirewa, ƙarfe ya ƙi fita, ƙashi ya riƙe shi gam. A 1965 ya yi wa Gösta Larsson dashen farko. Mutumin ya rasu a 2006 da ƙusoshinsa daram.

5/ To ga inda gizo ke saƙa. Haƙorin da Allah ya halitta yana da jijiyoyin da ke ba shi damar ɗan motsi. Ƙusar dashe ba ta motsi ko kaɗan. In aka ɗaura jerin haƙora kan ƙusa huɗu ko shida, awo ya kuskure da abin da ido ba ya gani, sai noti ya riƙa kwancewa, ko jerin ya tsage.

6/ Tun 1973 François Duret a Faransa ya rubuta kundinsa kan ɗaukar awon baki da haske. A 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini suka gwada na'urarsu CEREC a bakin mutum a Zurich. Amma fa gyaran haƙori ɗaya ne.

7/ A 1998 Paulo Maló a Lisbon ya fara ɗora muƙamuƙi guda cur kan ƙusa huɗu kacal. Daga nan buƙatar awo mai kyau ta ƙaru.

8/ Kyamarar baki ƙananan hotuna take ɗauka birjik, kwamfuta ta ɗinke su. Tana gane mahaɗa da tudu da kwarin haƙora. Bakin da babu haƙori kuwa dasashi ne sumul, ga yawu, ga harshe na kai-komo. Kuskure kaɗan-kaɗan sai ya taru kafin a kai ɗaya gefen.

9/ Mafita: ake ɗaura wasu 'yan sanduna masu alama kan ƙusoshin, kyamara ta daban ta ɗauke su lokaci guda daga kusurwoyi da yawa, ta lissafa mazaunin kowace ƙusa. Dabarar masu zana taswira daga hoton jirgin sama ce. Sannan a ɗauki dasashin, a haɗa.

10/ Abin da na fahimta: shekara sama da 260 rigima ɗaya ake yi, wato awo ya dace da baki. Don haka in za a yi wa naku tsohon dashe, kar sabuwar na'ura ta ruɗe ku. Ku tambaya: "Likita, yaya za ka tabbatar jerin ya zauna daidai kafin a ɗaure?" Mai gaskiya zai yi muku bayanin gwajin zubi da hoton ƙashi.

11/ Baba dai haƙoran roba muka iya yi masa, dashe sai an tara. Na karanta masa zaren nan kafin in saka, ya ce shi labarin zomon ne ya fi burge shi. 😅 Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.