Tarihin Lawariya da Halafa a Ƙasar Sinhala

Gabatarwa

Tsibirin da Larabawa suka sani da sunan Sarandib, Turawa kuma suka kira shi Silon, shi ne aka raɗa wa suna Siri Lanka a shekarar 1972. Mafi yawan mazaunansa Sinhalawa ne, kuma cikin kayan marmarinsu akwai waɗanda ba a soya su, sai dai a turara kamar yadda ake yi wa dambu. Biyu sun fi shahara, wato lawariya da halafa. Wannan maƙala za ta duba asalin kayan haɗinsu, da abin da tarihi ya adana game da su, da kuma halin da suka shiga a zamanin baya-bayan nan.

Asalin Kayan Haɗi

Shinkafa ita ce ginshiƙin tsofaffin daulolin Sinhala. Sarakunan Anuradafura da Folonnaruwa sun yi suna wajen gina manyan tafkuna domin noman rani. Sarki Datusena ya gina tafkin Kala Wewa a ƙarni na 5, Sarki Farakramabahu na Ɗaya (1153 zuwa 1186) kuwa ya gina wanda saboda girmansa ake kira Tekun Farakrama. Inda ruwan tafki bai kai ba, talakawa sukan sare daji su shuka kurakkan, wato hatsin nan da Hausawa ke kira tamba.

Zaƙin kuwa daga wani icce mai suna kitul yake fitowa, dangin giginya da kwakwa. Mai sana'ar yakan hau iccen ya tsaga kan furen, ya rataya tukunya ruwan ya riƙa ɗiga. Idan aka dafa ruwan ya yi kauri ya zama maɗi, sai su kira shi fani. Idan aka ƙara masa wuta har ya daskare kamar mazarƙwaila, sunansa hakuru. A zamanin sarakunan Kandi wannan sana'a ta gado ce, kuma masu ita suna kai wa fada da iyayen ƙasa rabonsu a matsayin aikin sarki.

Shaidar Robert Knox

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Knox ya faɗa hannun mutanen Sarki Rajasinha na Biyu a 1660, ya zauna tsare a ƙasar Kandi har 1679 da ya tsere. A littafinsa da aka buga a Landan a 1681 ya lissafa kayan zaƙin Sinhalawa. Cikinsu akwai wanda ake yi da garin shinkafa da kwakwa da hakuru, a cura shi ƙanana, a sa cikin ganye, a ɗora a kan ƙyallen da aka ɗaure a bakin tukunyar tafasasshen ruwa. Wannan bayani yana nuna cewa fiye da shekara 340 ke nan dabarar ba ta sāke ba.

Yadda Ake Yi

Mai yin lawariya takan jiƙa shinkafa ta daka ta tankaɗe, ta ɗan gasa garin, sannan ta kwaɓa shi da ruwan zafi da gishiri. Sai ta zuba ƙullun cikin wani mazubi mai ƙananan ƙofofi, ta matsa shi ya fito sili-sili kamar taliya a kan yankin ganyen ayaba. A gefe guda ta riga ta kankare kwakwa ta dafa ta cikin maɗin kitul tare da ɗan kanumfari ko kirfa, har ruwan ya tsotse. Wannan shi ake ɗiba a sa a tsakiya, a naɗe ganyen, a danne bakin, a turara kamar minti 10. Gwaninta tana wajen kwaɓi: in ƙullu ya yi tauri silin ya karye, in ya yi ruwa ya cuɗe.

Halafa ta fi sauƙi. Ana haɗa garin tamba da na shinkafa da kwakwa da maɗi wuri ɗaya, a shimfiɗa a kan ganyen wani icce mai suna kanda, a ninka biyu a turara. Ganyen ne ke ba ta ƙanshin da ake gane ta da shi.

Zamanin Turawa da Bayansa

Mutanen Fotugal sun iso tsibirin a 1505, mutanen Holan suka gama korarsu a 1658, Ingilishi kuma suka karɓe gaɓar teku a 1796, suka ci Kandi a 1815. Baƙin sun bar nasu kayan toye-toye, kamar kokis da ake dangantawa da mutanen Holan, wanda har ya sami wuri a bikin sabuwar shekarar Sinhalawa cikin watan Afrilu. Amma lawariya da halafa ba su gushe ba, domin duk abin da suke bukata yana cikin gona da bayan gida.

Barazanar gaskiya ta zo ne daga fulawa da farin sukari. Bayan samun mulkin kai a 1948 ƙasar ta daɗe tana sayen shinkafa daga waje. Ƙarin farashinta ya jawo babban yajin aiki a 1953, kuma a shekarun 1970 ƙarancinta ya kai har gwamnati ta hana gidajen abinci sayar da ita a wasu ranakun mako. Fulawar da ake shigowa da ita ta cike gurbin, burodi ya zama abincin safe a birane. Masu hawan kitul ma sun ragu, har wasu 'yan kasuwa suka shiga gauraya maɗin da sukari.

Kammalawa

Duk da haka ana ci gaba da sayar da lawariya da halafa a shagunan shayi da kasuwannin ƙauye, ana kuma yin su a gidaje domin shayin la'asar. Ɗorewarsu ta rataya ne a kan mutum uku: manomin shinkafa da tamba, da mai hawan kitul, da matar da ta san kwaɓi. In ɗaya ya bar sana'arsa ba magaji, sauran biyun ba za su iya rufe gurbinsa ba.